Kafin Ku Kama Hanyar Gaya da Ajingi

 'Ya'yana da jikokina matasan ikilisiya, labari ya iso mini cewa kun yi baiko na musamman, kowa ya ciro abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa, kuna shirin idan an kai amfanin gona gida ku tafi ƙauyukan Gaya da Ajingi ku yi aikin ruwan sha. Raina ya yi fari da wannan labari. A zamanin da saurayi ke fama ya ga ya ciyar da kansa, a ce ya tuna da ƙishirwar wanda bai taɓa gani ba, wannan alheri ne daga Allah, ina kuma roƙonsa ya ƙara muku. Ƙafa ta yi nauyi, ba zan iya bin ku ba. To amma bakin yana nan, sai ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Ku fara da sanin wurin waɗanda za ku. In kun fita Kano ta titin Maiduguri kuka haye gadar Wudil, ba za ku daɗe ba sai ga ku a Gaya. Tsohon gari ne ƙwarai. Masu ba da tarihin Kano suna cewa maƙeran da suka fara sauka a gindin Dala suna neman tama, wato Abagayawa, daga Gaya suka taso. Ajingi tana arewa da ita, ƙasarta ta gangara zuwa kogin da ya wuce ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Akwai Kademi da Shagogo da Gamarya a ɓangaren Gaya, akwai Toranke da Balare da Gafasa da Chula a ɓangaren Ajingi, kowanne da ƙauyuka da unguwanni da rugagen Fulani a kewayensa. Manoman gero da dawa da gyaɗa da wake ne, masu kiwo, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Mutanen nan sun haƙa rijiyoyi da hannuwansu tun kakanninku ba su zo duniya ba. Sun san rijiyar da ke ƙafewa da bazara da wadda ba ta ƙafewa, sun san wadda ruwanta ke da zartsi. Kuɗi kuka fi su da shi a wannan tafiya, shi ma ba da yawa ba. Sanin ƙasar kuwa yana wurinsu.

Ga maganar da nake so ta zauna muku a rai: ranar da motarku ta juyo gida, rijiyar ta zama ta mutanen gari. In sun karɓe ta a matsayin tasu, za ta rayu. In kuwa suna kiranta famfon baƙin nan, to ta fara mutuwa tun ba ku iso Wudil ba. A 2017 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan ruwa da tsafta a Najeriya, ya ce sama da kashi 38 cikin ɗari na wuraren ɗiban ruwa da aka inganta ba sa aiki, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari tun a shekarar farko suke lalacewa. A Nuwamban 2018 har gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar ruwa da tsaftar muhalli. Waɗanda suka gina matattun famfunan nan ba mugaye ba ne. Da yawansu da zuciya irin taku suka zo.

Za ku gan su da idonku. Famfon tuƙa-tuƙa a bakin hanya, hannun ƙarfensa ya saki, in ka ɗaga shi sai ya faɗi fayau babu nauyi. Daɓen simintin ya tsage, awaki sun mayar da shi wurin kwana, allon da aka rubuta sunan wanda ya gina yana tsaye ƙyam a gefe, fentinsa ma bai gama dusashewa ba. Can bayansa kuma ga layin yara da jarkoki sun nufi tsohuwar rijiya ko kududdufi. In kuka sami mai gyara ya kwance muku kan famfon, abin da za ku tarar sau da yawa ƙarami ne har ya ba ku takaici. Ko sarƙar da ke haɗa hannun da rodi ta tsinke don ba a taɓa shafa mata giris ba. Ko boris ɗin hannun ya cinye. Ko robar da ke cikin silinda can ƙasa, wadda ke ɗago ruwan, ta gaji. Ramin yana nan lafiya, ruwan yana nan a ƙasa, an kashe dukiya wajen haƙawa, amma gari guda ya koma shan ruwan tafki saboda 'yar roba. Ba wanda aka ce shi ne zai kula, ba kuɗin da aka ajiye, kowa yana jiran waɗanda suka kawo su dawo.

Don haka shawarata ta farko, kada ku yi gaggawar kiran motar haƙa. Ku fara zagayawa ku ƙirga matattu. Kuɗin haƙa burtsatse ɗaya yakan isa a tayar da matattun famfuna da dama, sai dai gyara ba shi da bikin buɗewa, shi ya sa masu bayarwa ba su cika son sa ba. Ku ku so shi. Ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi sashen ruwa da tsaftar muhalli, ku kuma leƙa hukumar ruwan karkara ta jihar Kano, RUWASA. Su za su gaya muku irin famfon da aka saba sawa a yankin da inda ake samun kayan gyaransa. Akwai samfurin Indiya, wanda in abin da ya lalace yana ƙasa sai an tara ƙarfafa an zaro bututun duka, akwai kuma Afridev, wanda aka ƙera shi yadda mutum biyu da sufana ɗaya za su iya zaro rodin su canza roba ba tare da sun taɓa bututu ba. Duk wanda kuka zaɓa, ya zama wanda mai gyara na Gaya ko Wudil ya sani, kuma kayansa suna kasuwar da mutum zai iya zuwa a babur ya dawo a yini. Na san zuciyarku na wajen mai aiki da hasken rana, da tanki a sama da kawunan famfo a jere. Yana da kyau, yana sauƙaƙa wa tsofaffi da yara. Amma ranar da injin da ke cikin ramin ya ƙone, ko aka wayi gari an kwance faranti ɗaya, kuɗin mayarwa ya fi ƙarfin ƙaramin ƙauye. Ku gaya musu wannan tun da wuri, ku bar su su auna.

Kuma kafin a ɗaura noti ɗaya, a zauna a ƙofar fadar dagaci a yi maganar kuɗi a fili. Wa zai riƙe asusun gyara? Nawa kowane gida zai riƙa bayarwa, kuma yaushe? Wasu garuruwa sun fi son a ba da kwanon hatsi da kaka, wasu 'yan kuɗi kaɗan a kan kowace jarka. Su za su zaɓa. Abin da za ku dage a kai shi ne a sami littafi, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, kuma a saka mata a cikin masu kula. A garuruwa da yawa kuɗi ya fi kwanciya lafiya a hannun dattijuwa. Ku zaɓi samari biyu ko uku na garin su tsaya kusa da mai gyara tun daga kwancewa har ɗaurewa, su riƙe sufana da hannunsu. In kuna da ragowar kuɗi, ku saya musu akwatin kayan aiki da robobi na ajiya. Filin ma a yi masa takarda, mai shi ya sa hannu, dagaci ya shaida cewa na jama'a ne. An sha ganin famfo ya wayi gari a cikin katangar gidan wani mai hali.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Ku 'yan coci ne, za ku shiga garuruwan Musulmi. Ku shiga ta ƙofa. A fara da hakimi, shi zai haɗa ku da dagaci, dagaci ya haɗa ku da mai unguwa, kuma kada ku wuce liman ba ku je kun gaishe shi ba. Ku tuɓe takalmi, ku durƙusa, ku yi gaisuwa irin wadda aka koya muku a gida. Tun a zaman farko ku faɗi ko ku su wane ne da inda kuɗin ya fito, kada ku ɓuya a bayan sunan wata ƙungiya. Abin da aka ɓoye in ya fito daga baya, sunansa yaudara ko da niyyar kirki aka yi.

In kun ga ana ɗari-ɗari da ku, kada ranku ya ɓaci. Ku yara ne, ba ku ga abin da muka gani ba. Mu muna Kano a Oktoban 1991 lokacin da shirin taron wa'azin wani mai bishara daga Jamus ya zama sanadin tarzomar da aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, maganar da ta kai ga shari'a shekara da shekaru. Daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 an dakatar da rigakafin shan-inna a jihar saboda zargin an sa masa wani abu. Mutumin da ya ji duk waɗannan, in baƙo ya zo ya ce zai zuba farin gari a rijiyarsa, yana da dalilin tambaya. Ku amsa masa da haƙuri. In wani gari suka ce sun gode ba sa so, ku yi godiya ku ma, ku yi sallama da fara'a ku wuce gaba.

Ina roƙonku da girman Allah, kada ruwan nan ya zama tarko. Kada wani ya ji cewa sai ya saurari wa'azi kafin ya cika tulunsa. Kada ku tara 'ya'yan mutane ku koya musu waƙoƙin sujada iyayensu ba su sani ba, kada ku raba takardu a bakin famfo. Ba cewa nake ku ji kunyar bangaskiyarku ba. Ku yi addu'arku safe da yamma a masaukinku, wanda ya tambaye ku abin da kuka ba da gaskiya gare shi ku gaya masa gaskiya cikin ladabi. Amma mai ƙishirwa ba ya cikin halin da zai iya cewa a'a, kuma cinikin imani da wanda ba zai iya cewa a'a ba zalunci ne. Ku tuna Yesu Almasihu a bakin rijiyar Yakubu a ƙasar Samariya. Shi ne ya fara roƙon matar nan ta ba shi ruwa, alhali mutanensa ba sa shan ruwa a moɗa ɗaya da nata mutanen. Da buƙata ya fara, ya girmama abin da ke hannunta. Ku ma ku bari a ba ku. Ku sha furar da aka dama muku, ku ci tuwon, ku nemi a nuna muku abin da ba ku sani ba.

Maƙwabtanmu ba sa buƙatar mu koya musu darajar shayar da ruwa. Malamansu suna karantar da su cewa yana cikin mafi falalar sadaka, kuma rijiya tana cikin abin da suke kira sadakatul jariya, wadda ladanta ke bin mutum har kabari. Suna ba da labarin Usman ɗan Affan da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, da na Zubaida matar Haruna Rashid da ta jawo ruwa zuwa Makka don alhazai. In kun zauna da liman kuka ce kun zo ne don ku ma Ubangijinku ya umarce ku da shayar da mai ƙishirwa, zai gane abin da kuke nufi sarai. Kuma akwai sawun da za ku taka. Tun shekarun 1930 ma'aikatan mishan suka kula da kutare a Yadakunya da amincewar masarauta, asibitin ido na ECWA a Kano kuma yana aiki tun 1943. Ku tambayi tsofaffin Gaya, da wuya ku rasa wanda aka yi wa aikin ido a can ko aka yi wa wani nasa. Mutuncin da aka tara a shekarun nan, mako guda na rashin hankali ya isa ya zubar da shi.

Bari in ba ku labarin kurkunu, don ku ba ku san shi ba, kuma rashin sanin naku shi ne abin godiya. Mu mun taso muna ganin magidanci a gindin bishiya, ƙafa a kumbure, wata farar tsutsa siririya ta leƙo daga gyambon idon sawunsa, yana naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace rana. Takan kai tsawon mita guda, kuma cire ta yakan ɗauki makonni, don in ta tsinke a ciki ƙafar ta rure ke nan. Zafin kamar wuta, sai mutum ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da 'ya'yanta a ruwan, wasu ƙananan ƙwari na ruwa su haɗiye su, wani ya zo ya sha. Bayan kamar shekara guda shi ma ta fito masa. Kuma da damina take kwantar da mutane a nan arewa, daidai lokacin noma, sai gona ta zama saura. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami sama da mutum 650,000 masu ita a Najeriya.

Ba allura, ba ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe ta, da hana mai ita shiga tafki, da zuba maganin kashe ƙwarin a kududdufai, da haƙa rijiyoyi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya yi shekaru yana koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi a ƙaramar majami'ar garinsu, shi ya sa cibiyarsa gaba a wannan yaƙi tun 1986, lokacin da aka ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 3.5. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya shiga aikin a ƙarshen shekarun 1990, yana bin ƙauyuka, yana ƙwanƙwasa ƙofar gwamnoni a kai wa mutane ruwa. Mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya an same shi a 2008 a jihar Enugu, a Disamban 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. To amma ku tambayi duk wanda ya yi aikin, zai gaya muku manyan nan biyu ƙofa suka buɗe. Waɗanda suka kashe kurkunu su ne dubban 'yan sa-kai na cikin ƙauyukan, ɗan gari da littafinsa yana bin gida-gida yana duba ƙyalle ko ya huje, yana tsaye a bakin tafki yana ɗebo wa mai gyambo ruwa don kada ya shiga. An ɗauki sama da shekara ashirin. Ku kuwa 'yan kwanaki za ku yi, don haka ku nemi irin wannan ɗan garin tun ranar farko.

'Yan matanmu da ke cikin tafiyar, aikin da ya fi kowanne yana hannunku. A garuruwan nan matan aure da yawa suna kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure. Dattawan da za su taru a fada ba su ne ke dafa abinci da wanki da wanke jarirai ba. Ku ne za ku yi sallama ku shiga cikin gida, ku zauna a tabarma ku tambaya. Jarka nawa gidan nan ke sha a yini? Wa ke ɗebowa, yara ne ko maigida ko 'yan ga-ruwa? Yarinya ta taɓa rasa makaranta saboda layin rijiya? Wane ruwa ne sabulu ba ya kumfa da shi? In aka sa famfo a ƙofar masallaci ko a tsakiyar majalisar maza, 'yan mata za su iya zuwa? Abin da kuka ji ku kawo shi zaman shawara da nauyinsa. A kudancin Afirka an taɓa yayin wani famfo da aka haɗa da lilon yara mai juyawa, wai yara suna wasa ruwa yana hawa tanki. A 2006 manyan masu ba da taimako na Amurka suka yi masa alkawarin miliyoyin daloli. A wasu ƙauyukan Mozambik har cire famfunan hannu aka yi aka sa shi. Yara suka gaji da wasan, aka bar iyaye mata suna tura lilo a rana, in ya lalace kuma ba mai iya gyarawa. Da an zauna da matan nan tun farko, da sun faɗi haka kyauta.

Kada ku manta da Fulanin ruga. In ba a yi wa dabbobi komi can nesa kaɗan da famfon ba, shanu za su tattake daɓen, rigima ta biyo baya.

In har sai an haƙa sabuwa, ku saurari masu awon ƙasa. Yawancin jihar Kano a kan dutse take zaune, ruwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, shi ya sa za a iya samun ruwa a nan a rasa a can ƙofar gidan maƙwabci. Ta gabas wajen Jigawa ne ƙasar ke komawa yashi mai riƙe ruwa. Ku biya kuɗin awo, kuma ku sa a rubuce abin da zai faru in mai haƙa ya tarar da rami busasshe. Rijiyar hannu kuwa, wadda aka gama da kaka takan ruɗi mutum, don lokacin ruwan ƙasa yana sama. Sai a watan Afrilu ko Mayu ake sanin gaskiyarta, saboda haka a bar ƙarasa zurfinta sai bazara. A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, kuma kada ta kasance a gangaren da masai ke samansa. A ƙauyukan Ajingi na bakin kogi, inda ambaliya kan shigo a shekarun da damina ta yi ƙarfi, ku tambayi tsofaffi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, a ɗaga bakin rijiyar ya wuce nan.

Ruwa garai-garai ma yakan ɗauki cuta. A ƙasar Bangaladash an haƙa miliyoyin famfuna tun shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki, sai a shekarun 1990 aka gano da yawansu suna ɗauke da wata guba ta cikin ƙasa mai suna asanik, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Ku kai ruwan ɗakin gwaji kafin ku ce wa kowa ya sha. Ranar da za a zuba sinadarin kilorin don wanke ramin, a yi shi da rana tsaka a gaban dagaci da liman da ma'aikacin lafiya na garin, shi ya yi bayani da bakinsa. In lokacin sha ya yi, ku fara kai moɗar bakinku.

Daga famfo zuwa baki ma akwai tafiya. Jarkar da cikinta ya yi kore, randar da ba murfi, moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa ya sake tsomawa, duk suna mayar da aikinku baya. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 3,500, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Maganar masai da wanke hannu da sabulu ko toka da haɗa ruwan gishiri da sukari tana tafiya tare da maganar famfo. Jigawa da ke maƙwabtaka da Gaya da Ajingi an ayyana ta a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili, kuma mutanen Gaya da Ajingi suna cin kasuwanni ɗaya da mutanen Dutse da Ringim. Ku bar ma'aikatan lafiya na yankin su ja wannan magana. Daga bakin baƙo tana iya zama cin fuska.

Sauran ƙananan abubuwa kun san su daga tarbiyyar gida. Sutura ta mutunci, 'yan mata da mayafi, samari ban da gajeren wando a cikin gari. In an kira salla a kashe inji, ranar Juma'a a tashi da wuri. Magina da mahaƙan garin ku ɗauke su aiki ku biya su haƙƙinsu, ku ku ɗauki yashi ku kwaɓa siminti a ƙarƙashinsu. Amma wannan ɗaya ku riƙe ta da kyau, don ina so ku dawo wa iyayenku: kada ɗayanku ya shiga rijiya. Tsohuwar rijiya takan tara iskar da ba ta numfasuwa, mutum ya sauka ya sume, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Masu yasa sun san a zura fitila a ga ko za ta mutu. Kuma kada a taɓa kunna injin fetur a cikin rami ko dab da bakinsa alhali da mutum a ƙasa.

Sai wayoyinku. Na san waɗanda suka ba da kuɗi za su so ganin hoto, haƙƙinsu ne. Ku ɗauki famfon, ku ɗauki aikin, ku ɗauki littafin asusu. Yaron da rigarsa ta yage da tsohuwar da ke durƙushe a bakin kududdufi suna da dangi da mutunci, ba a ɗaukarsu sai da izini, matan aure kuwa ku bar su gaba ɗaya. Kafin ka sa hoton wani a Facebook, ka tambayi kanka ko za ka yarda a sa na mahaifiyarka a haka. Allon suna kuma, in da ni za ku bi, ku rubuta sunan garin da ranar da aka gama da zurfin ramin da lambar wayar mai gyara. Mai gyaran da zai zo bayan shekara biyar zurfin nan zai nema. Ubangijinmu ya riga ya koya mana cewa sadakar da aka yi a ɓoye ita ce Uba ke sakawa.

Tun yanzu, kafin ku sayi buhun siminti na farko, ku ware kuɗin motar komawa ku ba ma'ajin ikilisiya ya ajiye. Ku sa rana a watan Afrilu mai zuwa, da wata a Afrilun da ke bin sa, mutum biyu ko uku su koma su tuƙa kowane famfo da hannunsu, su duba littafin, su gaishe da dagaci da liman, su ji abin da ya dame su. Ku dattawa da zumuntar mata, ina roƙonku kada ku sa wa tafiyar nan hannu sai kun ga ranakun nan a rubuce da sunayen masu komawa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ku gaishe mini da mutanen Gaya da Ajingi da kyau.